Hannuwan Justina

Talata, 24 ga Janairu

Ya ɗauka? Jan abin yana ƙiftawa, to ya ɗauka.

Mijina Isaak ya ce in zuciyata ta cika in tura wa ƙanwarsa Anna saƙon murya. Hm. Abin da na faɗa wa Anna da safe, kafin a sauke tukunyar rana duk matan cocinmu sun ji. Gara in tura wa kaina. Rubutu dai ban iya na kirki ba. Ina 'yar shekara sha ɗaya can Meziko aka ce karatun ya isa haka, a zo a tatsi shanu.

Yau aka dawo da mu wannan ɓangaren na asibitin yara, na waɗanda ciwo ya warke amma jiki bai koma ba. 'Yata Justina ta ci rabin ayaba. Ni na ba ta a baki.

Hannuwan ne. Tun ranar da ta yi tuntuɓe ta dafa murhun itace da tafi biyu. An yanko fata a cinyarta an shimfiɗa a tafukan, likita ya ce ta kama da kyau. Na ɗauka shi ke nan. Ashe yanzu aka fara. Ya nuna min da nasa hannun: sabuwar fata tsukewa take yi, tana jan yatsu ciki kamar ƙafar kazar da aka yanka. In ba ta buɗe su tana aiki da su ba, haka za su ƙage. Farkon Maris zai sake dubawa. In sun ƙage sai wuƙa kuma, kuma ba ya alkawarin... Bai ƙarasa ba. Ni ma ban tambaya ba.

Shekararta biyar. Ta rungume su a ƙirji kamar an ba ta ajiyar ƙwai.

Alhamis, 26 ga Janairu

Safe da yamma wata mata tana zuwa, ta cire mata safar hannun nan mai matsewa, ta shafa mai, ta miƙe yatsun ɗaya bayan ɗaya. Ihun Justina har bakin matakala ake ji. Matar ta ce nata aikin na ɗan lokaci ne, sauran yinin fa? Dole yarinya ta yi amfani da hannunta da kanta, in ba haka ba tana fita za su koma.

Sai ga wata ta turo amalanke cike da kayan wasa. Doguwa, gashi guntu kamar na namiji, kowane takalmi da launin igiyarsa. Danika. Wai ɗaliba ce, shekararta ta ƙarshe a jami'a, an turo ta nan koyon aiki har ƙanƙara ta narke. Na ce nas za ki zama? A'a. Likita? A'a. Wai abin da take karanta shi ne yi wa mutane magani da wasa da nishaɗi. Na ɗauka Turancina ne ya gaza, na ce ta sake faɗa. Ta sake. Shekara huɗu! Ta yi dariya, ta ce babanta direban babbar mota ne, kullum ya kira sai ya ce, "To Dani, yaushe za a ba ki digirin hura balan-balan ɗin?"

Ni ban yi dariya ba. Hannun 'yata yana mutuwa, an turo min mai balan-balan.

Litinin, 30 ga Janairu

Tambayoyi Danika ta zo da su. Me Justina take son yi in ba ta da abin yi? Na ce shara, jera cokula, jijjiga ƙanwarta Lena, mulmula ƙullun burodi. Ta ce a'a, wasa take nufi. Na ce ai shi na faɗa miki.

Sai ta ce, "Ke fa, Neta? Me kike yi don jin daɗin kanki?"

Na ce ina da miji da 'ya'ya biyu. Ta tsaya tana jira kamar akwai saura.

Akwai wata babba, Colleen, mai furfura, ita ce shugabarta. Tana tsayawa a bakin ƙofa, ba mu take kallo ba, Danika take kallo. Da ta tsaya sai kunnuwan yarinyar su yi ja, ta fara magana da sauri.

Danika ta fito da kumfar sabulu, da yumɓu mai launi, da 'yar tsana mai maɓallai. Justina ta juya ta fuskanci bango. Na jira in ga yadda 'yar jami'a za ta yi. Ta ce, "Ba komai, sai gobe." Ta kwashe kayanta ta tafi.

Ta tafi fa!

Laraba, 1 ga Fabrairu

Na tare Danika a hanya. Na ce ki sa mata abin a hannu, ni zan riƙe ta, ta yi kukanta ta gama. Haka aka yi mana, ga mu a raye.

Ta ce ba za ta iya ba. Wai abu na farko da aka koya musu a aji ke nan: ranar da aka tilasta, ya daina zama wasa, ya zama wani maganin mai ɗaci. "Kowa a ginin nan dole yake yi mata. Allura dole, safa dole, miƙa dole. Ni kaɗai ce take iya ce wa a'a."

Na ce, a'an nata zai buɗe yatsun?

Ta kalli takalminta. Ta ce, "Ban sani ba."

Shekara huɗu, ba ta sani ba.

Juma'a, 3 ga Fabrairu

Nono yana zuba a rigata, Lena tana can wurin surukata tana shan na gwangwani. Yau ma a'a.

Lahadi, 5 ga Fabrairu

Isaak ya zo, Lahadi kaɗai ake sakinsu a rumfar noman tumatir da yake aiki. Ya yi wanka ya sa farar riga amma har yanzu warin ganyen yake. Ya kawo miyar kaza da taliya daga wurin uwarsa. Ya ce, "Kin koma sandar tsintsiya, mata. In iska ta ɗauke ki wa zai biya ni?" Na ce ka je ka tambayi iskar.

Sai ya ga an zo cire safar. Bai taɓa ganin tafukan a buɗe ba. Ya tashi wai ya manta abu a mota. Na leƙa ta taga, yana zaune ya kifa kai a sitiyari, ƙanƙara tana sauka a kan gilashin.

Da ya dawo ya ce a hankali, "Neta, mace babu hannu, me za ta yi a duniyar nan?" Ya ce da a gida ne, da uwarsa ta ce buɗe sau ɗaya, da ta buɗe.

Har dare maganar tana dawo min.

Talata, 7 ga Fabrairu

Ya Ubangiji.

Bayan abincin rana na ja labule. Na ɗauki cokali. Na ce Justina, yau za ki ci da hannunki. Ta maƙe. Na kamo na daman, na ɓamɓare yatsun, na cusa cokalin, na matse da nawa a kai. Na ce riƙe! Riƙe na ce miki!

Ba ta yi ihu ba. Da ma ta yi. Kallona kawai take yi. Fitsari ya jiƙa zanin gadon. Sai na ga jini ya ɓullo ta safar, ɗan kaɗan, a gindin babban yatsa.

Nas ta ce tsagewa ce ƙarama, za ta haɗe. Ba ta yi min faɗa ba. Tana canja zanin, Justina ta buɗe baki da yarenmu, don kar nas ta ji. Ta ce, "Ke ma, Mama?"

Ba zan iya... bari in kashe.

Laraba, 8 ga Fabrairu

Ba ta karɓi abinci a hannuna ba. Nas ce ta ba ta.

Juma'a, 10 ga Fabrairu

Kwana uku ba ta ce min uffan ba. In na zauna dama ta juya hagu.

Na je ɗakin wanki na iyaye, nan nake ɓuya in yi wannan maganar. Sai na tarar an riga ni. Danika ce zaune a ƙasa tsakanin injuna, manyan littattafai a cinya, hanci ja. Wai Colleen ta ce shirin da ta tsara wa Justina ba ya tafiya, in bai motsa ba za a karɓe yarinyar a ba wata ƙwararriya. Wai kuma a kan wannan za a auna ta. Ta ce, "Na san sunan kowace hanya da ke cikin littafin nan, har da wanda ya ƙirƙiro ta. Na kasa sa 'yar shekara biyar ta taɓa yumɓu."

Ta san abin da na yi ranar Talata, kowa ya sani. Ba ta ɗaga maganar ba. Na zauna kusa da ita, injin yana juyi.

Can ta ce, tambayar da ta yi min rannan ba daidai ta yi ta ba. "Da kina ƙarama, me kika ga wasu suna yi kika ji da ma ke ce?"

Ban san sanda ya fito daga bakina ba. Na ce knipsbrat. Faifan nan na katako, zagayayye, da ɗan rami a tsakiya da 'yan turaku kewaye da shi, ana ɗalle 'ya'yan katako a kai da yatsa a bugo na abokin wasa waje. Kawuna yana da ɗaya, a bayan kabad yake ɓoye shi saboda masu wa'azi ba sa so. Ranar Lahadi da yamma samari su fito da shi, mu mata muna wanke-wanke. Ta ƙofar kicin nake leƙe. Ƙarar nan, ƙwas, ƙwas. Ban taɓa taɓa shi ba.

Ta share hanci ta ce, "Da yatsa ake ɗallewa, ko?"

Na ce to da me, da ƙafa?

Litinin, 13 ga Fabrairu

Ta zo da shi! Na kakanta ne, ta ɗauko shi a bas, babba kamar murfin rijiya. Ta ajiye a kan tebur a tsakiyar ɗaki, ta sa kujeru biyu, tawa ta ba gadon baya. Na ce ki matsar kusa da ita mana. Ta ce, "Ba don ita na kawo ba. Zauna."

Na ce ke, kin ga baƙin ɗankwalin nan a kaina? Matar aure ce ni. 'Yata tana kwance.

Ta rage murya ta ce Justina ba za ta taɓa abin da aka kawo don hannunta ba, ta gane mu duka. Amma yara suna son abin da ba a ba su ba. "Kar ki kira ta. Kar ki waiga. Ki yi kamar ba ta nan."

In yi kamar 'yata ba ta nan. Wannan ne karatun.

Na zauna don ba ni da wata dabara. Na farko da na ɗalle, farce ya yi zafi, ɗan katakon ya tashi sama ya shige ƙarƙashin gado. Danika ta ce, "Kai! A bar wa silin lafiya, Neta, asibitin ba namu ba ne." Ta cinye ni tas. Ko kunya.

Alhamis, 16 ga Fabrairu

Kullum yanzu. Ni da ita, ƙwas, ƙwas, kamar marasa aikin yi, Maris kuma yana tahowa.

Ashe ba duka ake yi ba, jingina farcen ake yi a jiki sannan a saki. Yau na jefa ɗaya cikin rami. Na yi ihu! Ni! Na toshe bakina, na ji kamar an kama ni da sata.

Danika ba ta ɗaga kai ba, ta ce ƙasa-ƙasa, "Ta juyo. Kar ki waiga."

Wuyana har ciwo yake don ƙin waiwaye. Amma kallo ba ya miƙe yatsa. Hannuwan suna nan a ƙirji. Da yamma na ga ƙaramin yatsan hagu ya fi jiya lanƙwashewa, ko idona ne, ban sani ba.

Lahadi, 19 ga Fabrairu

Isaak ya zo da uwarsa, da Lena. Lena ta yi nauyi. Ta kalle ni ta ɓata fuska, ta miƙa hannu wurin kakarta.

Na manta ban ɓoye faifan ba. Surukata ta ce wannan fa? Kafin in haɗa ƙarya, sai murya daga gado: "Na Mama ne, Kaka. Ta iya. Jiya ta ci Danika."

Tun ranar cokali ba ta yi magana mai tsawo haka ba, kuma da ita ta tona ni.

Surukata ta ajiye kwandon burodi a hankali. Ta ce, "To. Ni ina can ina tashi da jaririyarki, ɗana yana cin abinci mai sanyi a tukunya, ke kina nan kina wasan samari. Sannu da jinya, Aganetha." In ta kira cikakken sunana na san na mutu. Na ce maganin ne, Mama. Ta ce, "Hannunki ne ya ƙone?"

Gaskiyarta. Isaak ya tsura wa takalminsa ido.

Suna fita na tura abin ƙarƙashin gado. Gobe duk coci za su ji.

Talata, 21 ga Fabrairu

Jiya na ce wa Danika na daina. Na shirya faɗa, na tanadi Turancina. Ta ce, "To." Ta tafi ɗakin wani yaro.

To! Ni ma a'ata ta karɓa, kamar wata 'yar shekara biyar. Na yini ina jin haushi, ban san na wa ba.

Yau ma ban fito da shi ba. Ina ninke kaya, na ba gado baya, sai na ji, "Mama."

Ban motsa ba.

"Yau ba za ki yi ba?"

Da ni take. Ni ta kira. Na ce Kaka ta ce babu kyau. Ta ce, "Kaka ba ta nan ai."

Na durƙusa na jawo shi. Allah ya gafarta min in laifi ne.

Alhamis, 23 ga Fabrairu

Ta sauko ta zauna a bakin gado. Bakinta ya buɗe, sai sharhi. "Ba nan ba, Mama, wancan! Kai, Mama, makauniya ce ke?" A gida da ta sha mari. Na ce ke da kika iya ai sai ki zo. Na faɗa kafin in tuna an hana ni kira. Danika ta zaro ido.

Amma ta zo. Ta tsaya a gefen tebur, ta daɗe. Ta sauke na dama, a dunƙule, ta ture ɗan katakon da bayan hannu.

Na kalli Danika.

Danika ko a jikinta. Ta ce, "A dokar kakana dunƙule ma ya halatta. Sai dai ba ya kai ko'ina." Haka ne kuwa, ya ɗan ja jiki ya tsaya tun bai kai turaku ba. Ta sake. Ya sake tsayawa. Leɓenta ya fara rawa. Hannuna ya tafi da kansa zai taya ta, sai na ji shuri a ƙaurina ta ƙarƙashin tebur. Yarinyar nan ta shure ni! Tana murmushi kuma.

Justina ta ce wasan banza ne, ta koma gado.

Na bi Danika waje na ce kin gani, kin kore ta. Ta ce, "Haushi ta ji. Mai jin haushi yana dawowa." Amma ba ta kalle ni ba, ta tura amalanken ta tafi.

Litinin, 27 ga Fabrairu

Yatsa ya fito.

Na dama, manuni. Ba wanda ya ce mata. Ta gaji da ture-ture, ta kalli yadda nake yi, ta sa shi a bayan ɗan katakon. Ya fito a hankali kamar kan kunkuru. Ta saki. Ya tafi har ya bugi turke.

Ya yi mata zafi, na gani, hawaye shaaa. Na ce ya isa, 'yata. Ta ce, "Sake jera min." Tana kuka tana ɗallewa, tana kuka tana ɗallewa. Colleen tana bakin ƙofa, yau dai ba Danika take kallo ba.

Ana cikin haka Danika ta ce lokaci ya yi, ta fara kwashe 'ya'yan. Justina ta ce saura ɗaya! Ta ce gobe. Ta sa su a aljihu ta fita da su.

Na kusa shaƙe ta a hanya. Na ce Juma'a likita zai duba, ki bar ta ta yini tana yi! Ta ce a'a, ana tashi ne tun tana so. In aka bari sai zafi ya kore ta, zafin za ta tuna gobe. In aka tashi yanzu, wasan za ta tuna. Na ce na hagun fa? Ko motsi bai yi ba! Ta ce ta sani. Ta ce, "Na sani, Neta." Idonta ya cika.

Kwana huɗu. Ya Allah, kwana huɗu me za su yi?

Laraba, 1 ga Maris

Yatsu uku a dama. Hagu tana dafa gefen faifan da shi, shi ke nan. Ban iya cin abinci ba.

Juma'a, 3 ga Maris

Ya duba.

Ya jujjuya na daman ya ce wannan a bar shi, yana kan hanya, a ci gaba da duk abin da ake yi. Ya ɗauki na hagun ya daɗe. Yatsu biyu na ƙarshe sun riga sun kama. Za a yanka a saki, a sake ɗebo fata. Alhamis mai zuwa. Ya ce bayan nan kuma sai a koma farko da wannan hannun.

Farko. Ihun nan duka.

Ban san ko godiya zan yi ko kururuwa ba. Na kira Isaak, injin rumfa yana ƙara a bayansa. Na ce ɗaya ya tsira. Ya ce ɗaya? Na ce na dama. Ya ce, "Da shi ake riƙe wuƙa ai." Sai ya ce uwarsa tana tambaya ko har yanzu ina wannan abin. Na ce ka ce mata likita ne ya ce a ci gaba. Ya ce, "Ke dai kin ji daɗi, 'yar caca." Na ji dariya a muryarsa, ƙarama.

Danika na tarar a ɗakin wanki, tana haddar jarrabawar da za ta ba ta takardar fara aiki. Ta riga ta ji. Ta ce da ta yi min tambayar nan tun makon farko, wataƙila da na hagun ma... Na ce yi shiru, da-na-sani ƙeya ce. An bar mata Justina har ta gama. Ta roƙi in yarda ta ba da labarin a ajinsu, za ta canja sunaye. Na ce ki bayar, amma ki faɗa musu uwar ta fi ki iyawa.

Litinin, 6 ga Maris

Saura kwana uku a shiga da ita. Ba na son in yi maganar.

Danika tana jami'a yau, ta bar mana 'ya'yan faifan. Ni da Justina kaɗai. Na ƙudura a raina zan bar ta ta ci. Yarinyar da za a yanka, ai ko ba komai ta yi murna. Na yi ta zubar da nawa a banza, tana gaba, tana ta rawar kai, "Mama ba ta iya ba, Mama ba ta iya ba."

Sai ya rage min ɗaya. Nata biyu suna zaune kusa da juna a bakin rami, a jere, kamar an ajiye min. Ban san... ni dai na ga hanyar kawai. Na jingina farce na saki. Ƙwas, ƙwas! Duka biyun suka fice, nawa ya zauna a ramin.

Na ci.

Ta kalli faifan, ta kalle ni. Fuskar ta yi ja. Ta zagayo tebur, ban ankara ba ta kama naman damtsena ta mintsina. Ta murɗa! Na ce wayyo! Ta ce, "Muguwa! Ni ce mara lafiya!"

Na buɗe baki zan ce wa kika mintsina, uwarki? Sai na kalli wurin. Babban yatsa da manuni. Ta cikin safa ma. Ta kama, ta riƙe, ta murɗa.

Ita ba ta ma lura ba, tana can tana tsince 'ya'yan da suka zube, tana ƙunƙuni wai sai ta rama.

Ina ɗakin wanki yanzu. Wurin ya yi shuɗi, shaida biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Na naɗe hannun riga ina ta kallo. In na danna akwai zafi. Ina ta dannawa.

Har yanzu tsoron Alhamis yana nan, bai je ko'ina ba. Kuma ba wai ina son wasan ba ne, don ita nake yi.

Ta ce gobe za ta rama. Ta gwada mana. Ba zan bar mata ba.